Shekarar da Na Fasa Daɓen Babanku

Na sha jin ku kuna ba jikokina labarin lambun bayan gida, kowa da irin nasa. Safiya takan ce council, wato hukumar unguwa, su ne suka tilasta mana. Babban yayanku kuma yakan ce babanku ne ya ba da izini daga gadon jinya, na san kuma don ya rufa mini asiri yake faɗin haka. Allah ya yi muku albarka, amma duk ba haka aka yi ba. Babanku bai ba da izini ba, council kuma ba su kama mini hannu ba. Ni na ɗauki guduma da hannuna, kuma a duk shekarun da na yi a London babu wadda jinina ya yi gudu a cikinta kamar wannan. Ku zauna ku ji yadda abin ya faru, tun ina da sauran ƙarfin faɗa.

Lokacin da muka sayi gidan nan na Edmonton, bayansa ciyawa ce kore shar da wata tsohuwar bishiyar tuffa. Ni 'yar bakin kogi ce, daga ƙasar Haɗeja, na tashi ina bin mahaifina fadama, saboda haka da na ga wannan fili sai na fara lissafin inda zan sa albasa da inda zan sa alayyahu. Ashe babanku shi ma yana nasa lissafin. Bazarar farko ya ɗauki hutu daga asibitin da yake aikin gwajin jini, ya sare bishiyar, ya kankare ciyawar, ya malale filin nan kaf da siminti, daga bakin ƙofar kicin har jikin katanga. Ya yi masa gangare mai kyau, ya fitar da 'yar kwata ta gefen gida har titi. Kada ku ce mugunta ce. Babanku ɗan cikin birnin Kano ne, a gidan ƙasa aka haife shi, kuma yana yaro marka ta kwantar da ɗakin mahaifiyarsa, da ƙyar aka jawo ta daga ƙarƙashin azara. Tun daga nan ruwan sama ya zama abokin gabarsa. A wurinsa gidan mutunci shi ne gidan da ruwa ba ya kwana a ciki. Na yi kukan bishiyata a kicin, na share hawaye.

Kuma gaskiya ɗaya ce, daɓen nan ya yi mana rana. A kansa aka yi sunan kowannenku. Kowace Sallah a nan Hausawan unguwarmu suke haɗuwa, har daga Woolwich ake zuwa, a shimfiɗa tabarmi, mu mata mu jera tukwane a gefe, yara su yi ta guje-guje ba mai komawa gida da taɓo. In baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa sai babanku ya zagaya da shi baya ya nuna masa gangaren. Ina tsokanarsa in ce da daɓen nan mace ce da tuni ya kai sadaki.

Sai ga shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, bai daɗe da yin ritaya ba. Allah ya bar mana shi, maganarsa ta dawo ko da yake da nauyi, amma ƙafar hagu da hannun hagu suka ƙi tashi. Daga asibiti aka mayar da shi gidan jinya, aka kuma faɗa mana a fili cewa ba zai dawo gida ba muddin ɗakin kwana da banɗaki suna saman bene, ga matakalarmu kamar ta hawa rumbu. Ko dai mu gina ɗaki da banɗaki a ƙasa inda keken zama zai shiga, ko ya ci gaba da zama can. Kullum nakan hau bas in je in same shi a tsakiyar tsofaffin da bai sani ba, an ajiye masa dafaffen dankali ba gishiri ba yaji, yana kallon bango. Mutumin da muryarsa take cika gida ya koma kamar an sace shi an bar rigar. Ran nan na dawo, ko mayafi ban cire ba, na tara ku na ce za mu yi gini.

Ni da ban taɓa taka ofishin council ba, komai babanku ne yake yi, sai ga ni da tabarau a hanci ina duba zanen gini. Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Safiya ta samo mai zanen gini, aka kuma haɗa mu da magini, Malam Isyaku, mutumin zongon Kumasi, wanda a Hausarsa kowa namiji ne, har ni. Muka nemi izinin gini. Sai amsa ta zo cewa layinmu yana cikin wuraren da ruwan sama ke damu, don haka ba za a duba maganar ba sai mun nuna inda ruwan sabon rufin zai tafi, kuma za a turo ma'aikaciya ta ga wurin. Na yi dariya har da tafi. Na ce abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. In dai maganar fitar da ruwa ce, ai mu malamai ne. Da na kai wa babanku labari, ranar na fara ganin murmushinsa tun da ya kwanta. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce,

"Ki cika bokiti ki zuba a gabanta. Kada ki yi dogon bayani, gani ya kori ji."

Ma'aikaciyar ta zo da hantsi, wata yarinya siririya da takalmin roba. Na ba ta shayi da cincin, sannan na ja ta baya kamar mai kai baƙo ganin amarya. Na cika bokiti, na tsaya a tsakiyar daɓen, na sheƙa. Ruwan nan ya miƙe ɗoɗar, ko waiwaye bai yi ba, ya bi kwata ya fice ta ƙarƙashin ƙofa ya faɗa titi. Na dube ta ina jiran yabo. Ta yi shiru. Na ɗauka ba ta gani da kyau ba ne, na sake cika bokiti na ƙara. Sai na ga Safiya ta rufe fuska da hannu biyu, ta matso ta raɗa mini,

"Mama, please stop. Wannan shi ne exactly abin da ba sa so."

Yarinyar nan ba ta yi mini dariya ba, Allah ya saka mata. Ta yi bayani a hankali, Safiya tana cike mini inda ya kuɓuce. Ta ce bututun da ke ƙarƙashin titi tsofaffi ne, an yi su tun unguwar tana da ciyawa da lambuna masu shanye rabin ruwan. Yanzu kowa ya shafe gabansa da bayansa da siminti, in aka yi ruwa mai ƙarfi kowa sai ya turo nasa lokaci guda, bututun su cika su yi amai a gidajen da ke gangare. Nan take na tuna da tsohuwar nan Baturkiya ta ƙarshen layi, wadda na taɓa taya ta shanya dardumominta a kan shinge bayan wani ruwa. Don haka, in ji ta, duk mai son ƙara gini a irin wannan wuri sai ya nuna cewa zai riƙe ruwansa a gidansa, ƙasa ta sha abin da za ta iya sha, sauran ya fita sannu a hankali. Wato abin da babanku ya yi shekaru yana kora, shi ake so mu saukar a gida kamar baƙo.

Ta tsuguna tana nuna mini da hannu. A nan za a sa tanki a bakin indararo ya tari ruwan rufi. In ya cika, ruwan ya bi 'yar hanya ta duwatsu ya gangara wani wuri da za a ɗan zurfafa, a ɗaga gefunansa, a shuka tsire-tsire a ciki, ruwa ya tsaya nan ya nutse. Tana cikin magana murna ta kama ni. Na ce,

"Safiya, ai fangali take nufi. Fangalin albasa irin na Baffa."

Safiya ba ta san fangali ba, ballantana baturiya. Na tsuguna ni ma, ina zana musu da yatsa a kan jiƙaƙƙen siminti yadda mahaifina yake yanka fadama gida-gida, ya ɗaga kunya a gefe, ya sako ruwa ya tsaya ya jiƙa saiwa. Yarinyar tana ta gyaɗa kai tana cewa haka ne, haka ne. Na yi shekara da shekaru a ƙasar nan ina jin duk abin da na sani na baro shi a filin jirgi, sai ga shi council suna nemansa a rubuce. Amma kafin komai, in ji ta, sai an haƙa rami an cika shi da ruwa an ga ko ƙasarmu tana sha, domin wasu wuraren London yumɓu ne zalla. Na dubi daɓen, na dubi Safiya. Babu inda za a haƙa rami sai an fasa.

Washegari na yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, na bari sai da ya ci ya ƙoshi. Ya tambaye ni yadda bokiti ya yi, na faɗa masa gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Ina magana fuskarsa tana canzawa. Ya ce mutanen da ba su taɓa ganin gini ya kwanta ba su ne za su koya masa ruwa? Ya ce a haƙa kududdufi a bayan ɗakin da zai kwana, shi da ko gudu ba zai iya ba? Na yi ta lallashi, na ce ramin nesa da bango za a yi, na ce ginin bulo ne ba na ƙasa ba, na ce masana sun auna. Ya girgiza kai ya ce,

"Gara ki bar ni a nan da ki mayar da ni gidan da ruwa ke kwana. Ban yarda a taɓa daɓen nan ba."

Ni kuma raina ya ɓaci, na faɗi abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba.

"Alhaji, ni ba daɓe na aura ba."

Ya juya fuskarsa bango. Na tattara kwanukana na fito, ina tafe ina huci har bakin bas.

Babban yayanku ya ce a jira, Baba zai sauko. Ni na fi shi sanin mijina. Zai iya shekara a can yana ramewa a kan magana ɗaya, ga sanyi yana tahowa, in ƙasa ta daskare aiki ya tsaya. Na yi istihara, na ji zuciyata ta kwanta wuri ɗaya, na kira Malam Isyaku. Ya zo da safe da injinsa na fasa siminti, amma da ya ji maigida bai yarda ba sai ya ajiye shi ya naɗe hannu. Ya ce shi ba ya fasa aikin da mutum ya yi da hannunsa alhali mai shi yana kwance. Na ce to mene ne mafita? Ya yi tunani, ya ciro guduma daga mota ya miƙo mini.

"Hajiya, kai ne mai gida yanzu. Kai ka fara, ni na bi bayanka."

Na ɗaure zanena tamau, na yi bismillah, na ɗaga gudumar nan da ta kusa kai ni ƙasa. Bugun farko ta yi tsalle kamar na doki ƙarfe, kafaɗuna suka amsa. Babanku bai yi algus a simintinsa ba, wannan kam shaida ce. Na yi ta bugu ina haki, har na ji ƙara ta canza, tsaga ta bayyana. Malam Isyaku ya sa ƙarfe ya ɗaga ɓallin. Sai ƙamshin ƙasa ya taso, baƙar ƙasa mai damshi da ta yi shekaru ba ta ga rana ba. Na durƙusa na damƙo ta na kai hanci. Ku yi mini dariya in kun ga dama, amma hawaye na yi, kuma ba na baƙin ciki ba ne.

Aka haƙa ramin gwaji. Sama laka ce, amma da aka nutsa sai ga tsakuwa da yashi. Muka cika shi da ruwa, Malam Isyaku ya kafa sanda mai alama, mai zanen gini yana rubutawa, ni kuma na jawo kujera na zauna a baki kamar mai jiran naƙuda. Da farko shiru. Can sai na ga jiƙaƙƙen zobe ya fito a jikin sandar, ruwa yana sauka. Malam Isyaku ya ce ƙasa nan shi na shan ruwa kamar mai buɗa baki. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har maƙwabta suka leƙo ta taga. Aka sake cikawa, aka sake, kamar yadda ƙa'ida ta ce, kowane karo ƙasa ta shanye.

Yanzu ga kuɗin da na biya, ba na aljihu nake nufi ba. Kafin in isa gidan jinya labari ya riga ni, kun san mutanenmu da waya. Na yi sallama, ya amsa don sallama hakki ce, daga nan bai ƙara ce mini komai ba. Ba ranar kaɗai ba, har aka gama ginin. Yana hira da ku, yana wasa da masu jinya, in na shigo sai ya kulle baki. Abincina kam yana cinyewa tas, ya ture kwano ba sannu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, council suna can suna shan shayinsu, ni ce da laifi. A cikin mata kuma aka yi ta yi da ni, wai miji yana kwance ta rushe masa gida. Taron Sallah ya koma wani gida a wannan shekarar, bai kuma sake dawowa ba, domin babu filin shimfiɗa tabarmi. Ranar Sallar na zauna ni kaɗai a kicin ina jin gidan tsit, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau ma yana yi.

Amma da izinin council ya fito, da sharaɗin sai an gama aikin ruwa kafin a shiga ɗakin, ba wanda ya iya zaunar da ni. Na sayi takalmin roba irin na yarinyar council. Ina tsaye aka binne akwatunan roba masu ramuka a can ƙarshen fili, aka naɗe su da wani yadi don kada ƙasa ta toshe su, su ne za su riƙe ruwan da ya fi ƙarfin fangali. Ina tsaye aka shimfiɗa hanyar keke da bulo mai tsakuwa a tsakani, wadda in ka zuba ruwa sai ya ɓace a wurin. Fangalin kuwa ban bar wa kowa ba. Ni na ɗaga kunyarsa da fartanyar da na sa aka kawo mini daga gida. A tsakiya na sa ciyayin da mai zane ya ce suna jure ruwa, a gefe kuma na sa nawa, na'ana'a da albasa da alayyahu da yakuwa. Malam Isyaku yana ce mini injiniya, ni kuma ina amsawa ba kunya. In na kwanta bayana kamar zai tsage, amma asuba tana yi na ƙagara gari ya waye.

Da rani ya shigo aka kawo shi gida. Yayanku ya turo keken ta sabuwar ƙofa, har cikin ɗakin, inda muka sa ƙofar gilashi mai kallon lambu. Ya dubi gado, ya dubi banɗaki, ya dubi waje sau ɗaya, sannan ya ce wa yayanku ya ja labule. Haka labulen ya zauna a rufe. Na ce a raina ba komai, ai dai yana gidansa, yana jin hayaniyar jikoki, ana kunna masa karatu, ana yi masa miya da daddawa. In shirun ne rabona har ƙarshe, na ɗauka.

Wata rana bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, irin wanda London takan yi bayan kwanakin zafi. Ina ɗakin ina ninke masa kaya ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga, yana sauraron rufi. Can, ba tare da ya dube ni ba, ya ce a buɗe labule. Ba kowa a ɗakin sai ni. Na buɗe, na turo kekensa bakin gilashi. Tanki ya riga ya cika, ruwa yana bin hanyar duwatsu yana zuba cikin fangali, fangali yana tasowa. Hannunsa mai lafiya ya damƙe hannun keke har jijiyoyi suka fito. Ni ma na tsorata, domin gwaji da tiyo daban, ruwan Allah daban. Ruwan ya hau har ya kusa bakin kunya, sannan sama ta ɗauke. Ga kududdufi sosai a bayan gidan babanku, yana ƙyalli, ganyen na'ana'a yana iyo. Muka zuba ido. Sannu a hankali kan wani dutse ya fito, sai na kusa da shi, sai gindin ciyayi. Kafin a kira magariba babu komai sai baƙar ƙasa tana tururi.

Ya ce in fita in taɓa gindin bangon ɗakin. Na fita ba takalmi, na shafa tun daga wannan kusurwa har waccan, na dawo na buɗe masa tafin hannuna. A bushe yake. Ya kama hannun ya juya shi, ya daɗe yana kallon kantar da guduma da fartanya suka bar mini. Sannan ya kira ni da sunana na yanka, wanda ko ku ba ku taɓa jin ya faɗa ba.

"Binta, yakuwar nan kin dasa ta kurkusa da yawa. Gobe ki fitar da ni in nuna miki."

Mutumin da ko masara bai taɓa shukawa ba, shi zai koya wa 'yar fadama tazarar yakuwa. Na ce to, Alhaji, Allah ya kai mu. Na shige kicin na kunna famfo da ƙarfi don kada ya ji ni, na yi dariya, na yi kuka, na wanke fuska na ɗora tukunya.

Washegari na fitar da shi, ya nuna, na cire wasu na mayar inda ya ce. A ɗakin nan ya yi sauran shekarunsa, a nan kuma Allah ya karɓi abinsa, a gidansa, kuna kewaye da shi, ina riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.